Azumin da Langa Ta Daina Fita

Azumin bana ya faɗo tsakiyar damina. Haka yake zagayowa, sai mutum ya yi furfura kafin ya sake samunsa a inda ya bar shi. Jiya da la'asar sakaliya hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu, zafin nan mai naso da ke riga ruwa zuwa ya sa kowa ya yi laƙwas. Jikata ta shimfiɗa leda a falo ta jera kayan buɗa-baki, kunun gyaɗa da ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai, ga kankana an yayyanka ta kamar za a kai gasa. Na miƙa hannu zan gyara murfin kula, sai ta ce, "Hajiya, don Allah kar ki taɓa, bari in ɗauka tukuna." Ta ɗaga waya sama ta ƙyasta, wai ƙawayenta za ta tura wa. Na ce, "To madalla, su kuma sai su sha ruwa da hoton." Ta yi dariya. Ni kuwa sai na ji abincin ya fita raina, domin na taɓa ganin abin da hoton tuwo ya yi a lungunmu na Jakara, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in rufe fuskata da mayafi.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki ne. 'Ya'yana uku a lokacin, amma uwar mijina, Iya, ba ta daina kirana Amarya ba. Gari ya ɗauki zafin siyasa, kusan kowace Asabar ana fita jefa ƙuri'a, maza a zaure ba su da zance sai na jam'iyya, har aminai suka riƙa sauya hanya don kar su gaisa. A shekarar ne ma aka ce mu mata mu fito mu zaɓa. Iya ta ce a nuna mata wanda zai sauko da farashin dawa, ko a kwance take za ta tashi ta dangwala masa.

Ba wasa take yi ba. Tsohon hatsi ya ƙare a rumbunan ƙauye, sabo bai nuna ba, abin da ke shigowa birni kaɗan ne kuma ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Malam, maigidana, baduku ne, yana da rumfa a kasuwar Kurmi. Damina dama ba ta ƙaunar fata, ga shi baƙin da ke sayen jakunkuna da takalma sun ƙi zuwa saboda tsoron rikicin zaɓe. Sai ya wuni yana goge fumfuna a jikin kaya, ya dawo da yamma hannunsa na warin jima, aljihu ba nauyi. Ba ya cewa komai, ni ma ba na tambaya. In na ji ya daɗe a zaure yana kakkaɓe takalmi, na san yadda kasuwa ta tashi.

Ruwa kuwa a shekarar kamar da bakin ƙwarya. Soronmu na ƙasa ne, ya sha har ya ƙoshi, azara ta fara ɗiga. Muka jera kwanuka da tasoshi a ɗaki, kowanne da irin ƙararsa. Indararo na zuba a lungu, kwata ta cika ta tumbatsa, warin rafin Jakara ya shigo har ƙuryar ɗaki ya zauna. Da an ɗauke ruwa sai rana ta fito da fushi, ƙasa ta riƙa tururi, zani ya manne wa mutum a jiki. Ga yinin damina da tsawo. Kafin azahar miyau ya kafe, kafin la'asar in ka miƙe da sauri sai ka ga gari na juyawa. Maza sukan haɗu da hantsi su yi yaɓe a soron wanda ya fi yoyo, da azumi a bakinsu, kashegari su koma na wani.

Aikinmu na mata a jere yake. Bayan sahur da sallar asuba a ɗan kishingiɗa, da hantsi a yi surfe, a wanke, a shanya in rana ta yarda, a ba yara su kai inji. Abin da ya fi ba ni wuya hura wuta. Itacen duk a jiƙe, sai na durƙusa na yi ta busawa da bushasshen maƙogwaro, hayaƙi ya cika min ido, hawaye da majina, kafin harshen wuta ɗaya ya taso. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi tana cewa, "Amarya, wutar ma azumi take yi ne?"

Gidanmu yana da suna, kuma sunan ne ya zame mana kaya. Marigayi mijin Iya falken goro ne, a zamaninsa in azumi ya kama, manyan tukwane ake ɗorawa, duk unguwa ta ci. Bayan rasuwarsa aka raba gado, dukiya ta bi iska, aka bar mu da ƙaton zaure da sunan gidan Mai Goro. Iya ta riƙe sunan nan da haƙori. Ta yarda ta kwana da yunwa, amma ba ta yarda a ce langa ba ta fita daga gidan Mai Goro da magariba ba.

Wannan ita ce ciyayya. Da azumi, gab da shan ruwa, kowane gida zai zuba abin da ya dafa a langa, a rufe, a ba yaro ya kai gidan da aka saba. Ba sadaka ba ce, ko kusa. Kai ka aika, a aiko maka, ba wanda ya fi wani. Kuma ba a mayar da langa wofi, ko da tsamiya ce ko ɗan dabino sai an jefa a ciki. A lungunmu tun kafin a kawo ni an riga an shata hanyar. Mu muna kai wa gidan Yaya Hajara, matar wani maɗinki da injinsa ya fi zama shiru a shekarar. Ita tana kai wa Gwaggo Asabe, wata dattijuwa mai kaɗi da ke riƙe da jikoki marayu, katangarta ɗaya da tamu. Gwaggo Asabe kuma tana aiko mana. Ita da Iya ƙawaye ne tun suna amare, kowacce ta san haihuwar 'yar'uwarta da rasuwar da aka yi mata.

Yanzu ga abin da ba a faɗa. Garin dawa mai kyau da muke samu, malmala biyu kawai yake yi. Iya ta ce su za a sa a langa. Mu kuma a gida sai in tuƙa na dusa, a haɗa da kwaɗon tafasa ko rama, a kora da kunun tsamiya mai ruwa-ruwa wanda in ka leƙa za ka ga fuskarka. Na yi ƙorafi sau ɗaya, na ce yara na kallon farin tuwo yana fita. Ta dube ni ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Amarya." Ban sake ba.

Marar da nake kwasar tuwo da ita ta ɗan tsage a baki, don haka duk malmalar da na yi sai ta fito da zane a gadon bayanta, siriri, kamar tsagar fuska. Tun a farkon azumi, wata magariba aka kawo langar Gwaggo Asabe, na buɗe, sai ga rabin malmala an shafe gefenta da ruwa an gyara, da miyar kuka a gefe. Ga zanen marata a kai. Na tsaya riƙe da murfi. Ashe Yaya Hajara ɗaya take ɗauka ta tura ɗaya gaba, Gwaggo Asabe ta raba biyu, ta ba jikoki rabi, ta maido mana rabi. Duk lungun, tukunyata ce kaɗai ke ganin garin kirki. Iya ta leƙo, ta gani, na kuma san ta gane. Ta ce, "Kai, Asabe dai ta iya tuwo. A raba wa yara." Haka muka ci gaba kullum. Kowa ya ci kaɗan, ba wanda ya roƙa, ba wanda aka ba.

Talatu ta zo mana kafin azumi da 'yan makonni. Baturiya ce, doguwa, mai jan gashi, ba ta fi ni shekaru ba. Wata ƙungiyar aikin sa kai ta ƙasarsu ce ta turo ta, ba albashi, tana zaune a wata makarantar 'yan mata a bayan badala, aikinta ɗaukar hotunan yadda mutane ke zaman duniya. Ta ce maza masu kyamara sun ɗauki kasuwa da marina da masallaci har sun gaji, amma ba wanda ya ga cikin gida, inda mata suke. Mai unguwa ya kawo ta gidanmu saboda na yi firamare, ina ɗan tsintar Turanci. Ran Talata ta zo, shi ya sa Iya ta raɗa mata suna, don nata na ainihi ba ya zama a baki.

Ba zan yi mata ƙarya ba, yarinyar kirki ce. Tana cire takalmi tun daga zaure, tana durƙusa wa Iya, ta koyi Hausa a littafi tana yin ta a hankali kamar mai taka ƙaya. Ɗaurin zaninta kuwa abin kallo ne, kullum sai ya kwance a tsakar gida. Ta ce za ta yi azumi tare da mu. Ranar farko kafin azahar ta yi ja wur ta zube a tabarma, Iya da kanta ta ɗebo ruwan randa ta ce, "Sha, 'yar nan, ba a rubuta miki ba." Ni kuma, gaskiya, ina jin daɗin a ce ƙawata Baturiya ce. Ni ke shiga da ita gidaje, ni ke cewa a saki jiki, ba ta da matsala.

Aka kuwa saki jiki, fiye da kima. Da farko in ta ɗaga kyamara mata su ruga ɗaki su sako sarƙa da ɗan kunne. Ita kuma ba ta son haka, sai ta ajiye, ta zauna ta taya tsince ƙasa a hatsi har a manta da ita. Daga baya ƙyas ɗin kyamarar ya zama kamar kukan kaza, ba mai waiwaya. Abin da mace za ta ɓoye wa maƙwabciyarta, ba ta ɓoye wa Talatu. Mun ɗauka baƙo makaho ne ko da yana da ido. Me ta sani game da dawa da dusa? Mun manta cewa a duk lungun ita kaɗai ce ke shiga kowane gida a kowane lokaci ba a ce mata dakata.

Kullum kafin magariba take hawa kekenta ta tafi. Wata rana, azumi ya kusa rabi, ta ga ina rufe langa, ta tambaye ni ina za a kai. Na yi mata bayanin ciyayya, har da ƙari, ina ta yabon kanmu. Idonta ya yi haske. Ta ce yau za ta tsaya ta bi langar nan ta ga inda take zuwa. Na ce ta bi mana. Ban kawo komai a raina ba, hankalina na kan kunun da ke neman ƙonewa. Ta fita bayan yara, ana yayyafi, ta rufe kyamara da gefen mayafi. Ana kiran salla ta dawo tare da langar Gwaggo Asabe, ƙafafunta duk taɓo, tana murmushi. Muka sha ruwa, ta yi ta ƙyas-ƙyas ɗinta a ɗan hasken da ya rage, ba wanda ya kula.

Ta ɗauke ƙafa na 'yan kwanaki, ta ce wanke hotuna take yi. Sai ga ta wata hantsi, goman ƙarshe ta kusa shiga, da ambulan babba a hannu. Ta ce in kira matan lungu, ta kawo musu tsaraba. Na aika. Aka zo, har da waɗanda ba a kira ba, tsakar gidanmu ta cika. Yawancinmu ba mu taɓa ganin kanmu a takarda ba sai hoton aure. Ta fara rarrabawa, wannan tana daka, waccan tana kitso, wata ta buɗe baki tana hamma. Aka yi ta shewa, ana tsokanar juna, har Iya ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Sannan Talatu ta ce akwai waɗanda ta fi so duka. Ta share tabarma da hannu, ta jera su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa.

Na farko ni ce, ina sa malmala biyu a langa, a gefena ga tukunyar tuwon dusa a buɗe, baƙi ƙirin. Na biyu Yaya Hajara ce a madafarta, murhu ba wuta, tana ɗauke malmala ɗaya daga langarmu tana sa wa a tata. Na uku Gwaggo Asabe, ta sunkuya da wuƙa tana raba malmalar, jikoki sun zagaye ta, idanunsu duk a kan hannunta. Na ƙarshe Iya ce. Iya ta gidan Mai Goro, tana gutsura wa 'ya'yana rabin malmalar nan, ɗan yatsanta a baki tana lashe abin da ya maƙale. Hotunan sun fito tas, zanen marata na nan a kowanne.

Talatu ta durƙusa a gefensu tana nunawa da yatsa. Ta ce, da Hausarta ta littafi, "Ku duba. Tuwo ɗaya ne. Ya tafi gida uku, ya dawo. Babu abinci, amma kowa ya ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba."

Wallahi na ji kamar an kwance min zani a tsakiyar kasuwar Kurmi. Ba na iya ɗaga kai, amma ta gefen ido na ga Yaya Hajara ta ja mayafi ta rufe baki. Ba wai ba mu sani ba ne. Kowaccenmu ta san nata, ta kuma zargi na 'yar'uwarta. Amma ba a taɓa shimfiɗa shi a tabarma da rana tsaka ba, a gaban matan da ba ruwansu, waɗanda kafin azahar za su kai shi har Ƙofar Wambai.

Iya ce ta yi magana. Ta ce, "Talatu, sannu da aiki. Hoto ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka." Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule. Mata suka fara tuna sun bar tukunya a wuta, ɗaya bayan ɗaya suka zame. Gwaggo Asabe ce ta ƙarshe, ta tsaya neman takalminta alhali yana ƙafarta.

Da la'asar na tuƙa tuwo kamar kullum, na kwashe malmala biyu, na ɗauko langa. Iya ta ce daga bayan labule, "Ajiye." Na ce, "Iya, gidan Yaya Hajara fa?" Ta ce, "Na ce ki ajiye." Aka kira salla, ba langar da ta fita, ba wadda ta shigo. Lungun da ke cika da yara ɗauke da kwanuka a ka ya zama ba kowa sai kaji. A daren muka ci farin tuwo, mu da yara, malmala biyu cif. Rabon da cikina ya ji haka tun kafin azumi. Muna cikin ci na jiyo ƙaramin jikan Gwaggo Asabe ta bayan katanga yana kuka, irin kukan da ba na duka ba, ita kuma tana lallashinsa ƙasa-ƙasa don kar mu ji. Na ci gaba da ci. Yunwa ba ta da kunya, ni ce nake da ita, kuma ba ta hana ni haɗiya ba.

Kashegari na sami Iya a ɗaki na durƙusa. Na ce, "Iya, yaran can ba su da komai. Don Allah a kai."

Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Shekaranjiya in na aika, ciyayya ce. Yau in na aika, sadaka ce. Kin taɓa ganin Asabe ta karɓi sadaka?"

"To mu yi kamar ba a ga komai ba."

"Da idon wa? Duk unguwa za ta tsaya a ƙofa tana ƙirga malmala. Ita kuma me za ta sa a tata langar ta maido? Kina so ta aiko min da tuwona kowa na kallo?" Sai ta juya fuska bango. "Tashi ki ba ni wuri, Amarya. Ke kika kawo ta."

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Na tashi na fita.

Duk da haka na gwada. Da magariba na faki ido na naɗe malmala ɗaya a faifai, na taka turmi na miƙa ta kan katanga, na kira babbar jikar a hankali. Ta karɓa da sauri. Ban kai ga sauka ba sai ga faifan ya dawo ta inda ya bi, ba a taɓa ba. Muryar Gwaggo Asabe ta biyo shi, a sanyaye, ba fushi: "A gaida Iya. A ce mun gode, mun riga mun ci." Hayaƙi bai tashi a gidan ba ranar, ina tsakar gida tun safe.

Talatu ta zo bayan kwana biyu, da fara'arta, tana so ta sake bin langa don wai hasken ranar farko bai ishe ta ba. Ta zauna har rana ta yi ja, ta ga ba a ɗauko komai ba. Ta dubi lungu, ta dube ni. Ba wawuya ba ce. Ta ce, "Na yi laifi?" Na nemi yadda zan faɗa mata, da Hausa ko da ɗan Turancina, na rasa. Ta yaya zan gaya wa wadda ta ƙetaro teku don ta nuna wa duniya kirkinmu cewa kirkin ba ya rayuwa sai a rufe? Na ce, "A'a, ba komai." Ta ce za ta sayo buhun shinkafa a raba wa gidajen. Na riƙe hannunta na ce ta rufa mana asiri kar ta yi. Ta yi kuka a zaurenmu, ni ina tsaye ina kallon ƙofa kar wani ya shigo ya gani. Ta ci gaba da zuwa jefi-jefi har bayan salla, amma duk gidan da ta shiga sai a shimfiɗa mata sabuwar tabarma, a sako sarƙa, a zauna a miƙe. Ba ta sake ganin cikin tukunyar kowa ba.

Yanzu a unguwar da nake zaune kowane gida da get ɗinsa na ƙarfe, ban san abin da maƙwabciyata ke dafawa ba, ita ma ba ta san nawa ba. Masu hali suna dafa abinci a manyan tukwane a raba a ƙofar gida, mutane su yi layi, a ɗauki hoto. Ana ƙoshi, ban ce ba a ƙoshi ba, kuma Allah ya ba su lada. Ni dai in na wuce layin nan ba na iya kallon fuskokin tsofaffin matan da ke ciki.

Yaya Hajara ta tsira, don 'yan'uwanta na Ƙofar Ruwa sun riƙa turo mata ɗan abin da ya samu ta hannun mijinta. Gwaggo Asabe ba ta da kowa a birni. Ana saura 'yan kwanaki salla, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, ta yi sallama a tsakar gidanmu. Ta yafa mayafinta na fita unguwa, jikokin na zaure da ƙullin kaya a ka. Wuyan ƙaramin ya yi siriri har kansa ya yi masa girma. Iya ta fito, aka shimfiɗa tabarma, suka zauna kowacce na kallon gabanta.

"Ina kwana, Iya."

"Lafiya lau, Asabe. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Suka yi ta jan gaisuwa kamar waɗanda suka haɗu a gidan biki. Daga nan Gwaggo Asabe ta ce ƙaninta na ƙauye ya aiko, wai aikin girbi ya yi musu yawa, za su je su taya shi. Gero ko kai bai gama fitarwa ba a lokacin, kowa ya sani. Iya ta ce, "Ai kuwa ya kamata. Allah ya ba da albarka. Sai yaushe?" Ta ce, "Sai yadda hali ya yi." Na zuba ido in ga ko ɗayarsu za ta kama hannun 'yar'uwarta, ko ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Matan da suka yi wa juna wankan jego. Iya ta raka ta har bakin zaure, iyakar inda take zuwa, ta ce a sauka lafiya. Na bi su da kallo suna tsallake kwata har suka sha kwana. Ba ta dawo ba. Da damina ta zagayo ɗakinta ya rufta, magada suka sayar da filin.

Ranar da suka tafi, na yi surfe, na kai niƙa, na yi faɗa da jiƙaƙƙen itace kamar kullum. Aka kira salla, muka sha kunu, na ajiye malmala biyu a tsakiyar tabarma. Bayan katanga shiru, ba kuka, ba lallashi. Yara suka sa hannu. Iya ta gutsura loma ɗaya ta riƙe, ta daɗe tana kallonta, sannan ta mayar cikin kwano ta wanke hannu.

Ta ce, "Amarya, daga gobe ki rage gari. Tuwon nan ya yi mana yawa."